Zaman jira a Turai: Yaushe mai neman mafaka ke samun izinin yin aiki?

Duk wanda ke zama a majalisa, ko yake cikin wani zauren WhatsApp na abokai, ya san akwai wata magana da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan. Da an fara hirar tsadar rayuwa da rashin aikin yi, sai ka ji wani ya ce: "Kai dai ka samu ka sauka. Da ka sauka ka ce mafaka kake nema, su ba ka ɗaki, su ba ka abinci, kafin wata guda ka fara aiki kana turo kuɗi gida." Mai maganar ma sau da yawa ko filin jirgin Malam Aminu Kano bai taɓa shiga ba, amma yadda yake faɗa da ƙarfin gwiwa sai ka rantse jiya ya dawo daga Landan.

Maganar tana da guntun gaskiya a ciki, shi ya sa take kama zuciya. Ƙasashe da dama suna barin mai neman mafaka ya yi aiki kafin a yanke hukunci a kan buƙatarsa. Sai dai tsakanin ranar da mutum ya miƙa takardunsa da ranar da zai karɓi albashinsa na farko akwai watanni, wani lokacin shekaru, na zaman da ba a cika ba da labarinsa ba. A kan wannan zaman za mu tattauna yau.

Mai neman mafaka daban, ɗan gudun hijira daban

Mu fara da warware kalmomin, domin a bakin mutane duk ɗaya ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda aka ƙulla a Geneva, ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoron za a zalunce shi a kan ɗaya daga cikin abubuwa biyar: jinsinsa ko launin fatarsa, addininsa, ƙasar da ya fito, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. A lura, talauci ba ya cikin jerin. Rashin aikin yi ba ya ciki. Faɗuwar darajar naira ma ba ta ciki.

Shi kuwa mai neman mafaka, mutum ne da ya ce shi ɗan gudun hijira ne, amma ƙasar da ya je ba ta gama bincike ta tabbatar ko ta ƙaryata ba. Wanda aka amince da shi yana da damar yin aiki a ƙasashen Turai da Amurka ba tare da wata matsala ba. Rigimar duka a kan mai jira take. Shi ba a ce ya zauna ba, ba a kuma ce ya tafi ba. To wa zai ciyar da shi, kuma me zai riƙa yi daga safe zuwa dare? Kowace ƙasa da amsar da ta bayar, kuma babu inda aka fi ganin yadda amsar ke taɓa rayuwar mutum kamar a Jamhuriyar Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya.

Mutumin da ya yi shekara takwas yana jira

A shekarar 2000 gwamnatin Ayalan ta ɓullo da wani tsari da take kira Direct Provision. Ma'anarsa a taƙaice: gwamnati za ta ba mai neman mafaka wurin kwana da abinci a wasu cibiyoyi, waɗanda galibi tsofaffin otal-otal ne da gidajen kwanan baƙi da 'yan kasuwa ke gudanarwa, sannan ta ba shi ɗan kuɗin kashewa. Babban mutum yana karɓar yuro 19.10 a mako, kuma haka adadin ya tsaya cak har zuwa 2017. Aiki kuwa haramun ne ƙarƙashin dokar 'yan gudun hijira ta 1996, komai daɗewar da mutum ya yi. An tsara zaman cibiyoyin ya zama na 'yan watanni, amma mutane suka riƙa kwashe shekaru. Akwai yaran da aka haifa a ciki, suka yi wayo, suka shiga makaranta, ba su taɓa ganin mahaifinsu ya fita aiki ba, ba su kuma taɓa ganin mahaifiyarsu ta ɗora tukunya ba, domin a cibiyoyi da yawa ba a yarda mazauna su yi girki da kansu.

A 2008 wani ɗan ƙasar Myanmar ya isa Ayalan ya nemi mafaka. Kotu ta sakaya sunansa, a takardun shari'a haruffa uku kawai ake kiransa da su, N.H.V. Aka ƙi amincewa da buƙatarsa, ya ɗaukaka ƙara, aka yi ta jan magana. A 2013, bayan shekara biyar yana zaune, sai aka yi masa tayin aiki a cikin cibiyar da yake kwana. Ya rubuta wa ministan shari'a yana neman izini. Amsar da ya samu ita ce doka ba ta ba da dama ba.

Mutumin ya garzaya kotu. Ya shaida cewa zaman ya jefa shi cikin matsananciyar damuwa, ya raba shi da ganin ƙimar kansa. Babbar kotu ta yi watsi da ƙararsa, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. Kafin maganar ta kai ga kotun ƙoli, a 2016, sai aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira, bayan shekara takwas. Da a ce kotun ta so, da sai ta ce magana ta ƙare tunda mai ƙara ya samu abin da yake nema. Amma alƙalan suka ce batun ya shafi dubban mutane, don haka za su saurara.

Ranar 30 ga Mayun 2017 alƙalai bakwai na kotun ƙolin suka yanke hukunci da murya ɗaya, Mai shari'a Donal O'Donnell ne ya rubuta shi. Abin da hukuncin ya ƙunsa shi ne, aiki yana da alaƙa da mutuncin ɗan Adam da 'yancinsa, kuma wannan bai taƙaita ga ɗan ƙasa kaɗai ba. Kotun ba ta ce dole a bar kowa ya fara aiki ranar da ya sauka ba. Ta yarda gwamnati na da hujjar bambanta ɗan ƙasa da mai neman mafaka. Abin da ta ƙi yarda da shi shi ne a hana mutum aiki kwata-kwata alhali babu wa'adin da aka ɗiba na gama duba takardunsa. A watan Fabrairun 2018 aka soke haramcin a hukumance. Kafin wannan lokacin, Ayalan da Lithuania ne kaɗai a Tarayyar Turai ke da irin wannan haramci na ɗungurungum.

Izini a takarda, ƙofa a rufe

Wanda ya ji wannan zai ɗauka washegari mutane suka bazama wuraren aiki. Ina! Tsarin wucin-gadi da gwamnati ta fara fitarwa ya ce mai neman mafaka ya nemi izinin aiki kamar kowane baƙo daga wajen Turai: ya samo aikin da albashinsa ya kai yuro 30,000 a shekara, a biya kuɗin takarda da ke iya kaiwa yuro 1,000, sannan akwai dogon jerin sana'o'in da aka ce ba nasa ba ne. Ka tuna mutumin da ake magana a kansa ɗan abin da ya wuce yuro 20 yake samu a mako. An ba shi da hannun dama, an karɓe da na hagu.

A tsakiyar 2018 Ayalan ta shiga tsarin Tarayyar Turai na karɓar masu neman mafaka, wanda ya ce a ba mutum damar aiki idan ya yi wata tara ba a yanke hukuncin farko a kansa ba. A farkon 2021 aka rage zuwa wata shida, aka kuma mayar da wa'adin takardar izinin wata goma sha biyu. Mai riƙe da ita zai iya yin aikin albashi ko ya kama sana'ar kansa, ban da aikin gwamnati, aikin soja da na 'yan sanda.

Ko da hakan, sai wasu ƙananan abubuwa suka riƙa tare hanya. Mai aiki zai ce kawo lambar asusun banki, banki kuma ya ce kawo fasfo, alhali fasfon yana hannun hukuma. Sai a 2021 bankuna suka fara karɓar takardun da masu neman mafaka ke riƙe da su. Cibiyoyi da yawa suna ƙauyuka ne inda motar haya ba ta cika zuwa ba, kuma an hana su lasin tuƙi, har sai da wata babbar kotu ta yanke hukunci a ƙarshen 2021 cewa su ma mazauna ƙasar ne da suka cancanci lasin.

Don a ga girman bambancin da izinin ke kawowa, ga ɗan lissafi. Tun 2019 kuɗin kashewar babban mutum a cibiya yuro 38.80 ne a mako. Mafi ƙarancin albashi a Ayalan a 2025 yuro 13.50 ne a awa ɗaya. Ke nan aikin awa uku ya fi abin da gwamnati ke ba mutum na mako guda cur.

Birtaniya: shekara guda, sannan a zaɓa maka

Tsallaken teku kaɗan, a Birtaniya, inda yawancin matasanmu suka fi sa ido, labarin ya bi ta wata hanyar. Kafin 2002 mai neman mafaka na iya neman izinin aiki bayan wata shida. Gwamnatin Tony Blair ta soke wannan a watan Yulin 2002. A 2005 aka dawo da dama, amma sai bayan wata goma sha biyu, kuma da sharaɗin jinkirin ba laifin mai neman ba ne. Daga 2010 aka ƙara wani ƙulli: ko ka samu izinin, ba kowane aiki za ka yi ba, sai wanda ke cikin jerin ayyukan da gwamnati ta ce ana ƙarancin ma'aikatansu. A 2024 aka maye gurbin jerin da wani wanda ya fi shi gajarta. Kama sana'ar kai ko buɗe kasuwanci ba a yarda ba. Abin da aka bari a buɗe shi ne aikin sa-kai a ƙungiyoyin agaji, wanda ba a biya.

Me mutum ke rayuwa da shi a tsawon wannan lokaci? Daga Janairun 2024 an sa tallafin a fam 49.18 a mako ga wanda ke dafa wa kansa. Wanda aka ajiye a otal ana ba shi abinci kuwa, abin da yake karɓa bai kai fam 10 a mako ba. Idan ka juya shi zuwa naira zai yi maka kama da kuɗi, amma a can da shi za ka sayi abinci, sabulu, katin waya, rigar sanyi, ka kuma biya kuɗin mota zuwa wurin lauya.

A tsakiyar 2023 mutanen da ke jiran hukuncin farko a Birtaniya sun haura 175,000, kuma gwamnati da kanta ta ce tana kashe kusan fam miliyan takwas kullum a kan otal-otal. Wannan ne ya ƙara wa masu fafutuka ƙarfi. Tun 2018 wata gamayyar ƙungiyoyin agaji, majami'u, 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago mai suna Lift the Ban take neman a rage jiran zuwa wata shida, a kuma cire jerin. A 2022 majalisar dattawan ƙasar ta amince da gyaran doka a kan haka, amma majalisar wakilai ta yi fatali da shi.

Hujjar gwamnatoci, da abin da bincike ya gano

A yi wa gwamnatocin adalci, su ma suna da abin faɗa. Babbar hujjarsu ita ce, idan aka sauƙaƙa izinin aiki, mutanen da ba gudun zalunci suke yi ba za su mayar da neman mafaka wata ƙofar baya ta samun bizar aiki, su cushe layi, wanda ke cikin haɗari na gaske ya daɗe bai samu an saurare shi ba. Suna kuma cewa wanda ya bi ƙa'ida ya nemi biza daga gida, ya biya kuɗi, ya jira, bai kamata wanda ya tsallake layi ya riga shi ba. Kuma duk wanda ya ji irin hirar majalisar da muka buɗe da ita ya san tsoron nasu ba daga iska ya faɗo ba.

Sai dai a 2021 kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan shige da fice ya nemi ta sake duba haramcin, ya kuma ce idan tana da shaidar cewa izinin aiki ne ke janyo mutane, to ta fito da ita a gani. A ɗaya ɓangaren kuma, shaidar ɓarnar da zaman banza ke yi tana nan a rubuce.

Misali mafi ƙarfi daga Jamus ya fito. A ƙarshen shekarar 2000, bayan wani hukuncin kotu, Jamus ta sauya dokarta ta sa jiran izinin aiki ya zama wata goma sha biyu. Sauyin ya raba 'yan gudun hijirar tsohuwar Yugoslabiya gida biyu: waɗanda suka iso a 2000 sun jira shekara guda, waɗanda suka iso a 1999 kuma sun jira ƙarin kimanin wata bakwai. Mutane iri ɗaya, daga yanki ɗaya, gudun yaƙi ɗaya. Masana uku, Moritz Marbach, Jens Hainmueller da Dominik Hangartner, sun bi sawunsu, suka wallafa sakamakon a 2018. Bayan shekara biyar, kusan rabin rukunin da ya yi gajeren jira suna da aiki, amma a rukunin da ya daɗe, waɗanda ke aiki ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sai da aka yi kusan shekara goma kafin giɓin ya rufe. Masanan sun ƙiyasta cewa haramcin ya jawo wa Jamus asarar kusan yuro miliyan 40 a kowace shekara, tsakanin tallafin da ta biya da harajin da ba ta karɓa ba.

Wata bakwai kacal, amma tabonsa ya kai shekara goma. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya gama hidimar ƙasa ya dawo gida ya yi shekara biyu yana zaman kashe wando ya san yadda abin yake. Da farko kana tashi da asuba kana duba tallan aiki. A hankali sai barcin safe ya kama ka, abin da ka karanta ya fara dusashewa, ka fara guje wa taron biki don kada a tambaye ka "ina ake yanzu?" To ɗauki wannan ka kai shi ƙasar da ba ka jin harshenta sosai, ba dangi, ba majalisa, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu a lokacin hunturu, kana ɗaki ɗaya da mutanen da ba ka taɓa sani ba. Wurin aiki nan ne baƙo ke koyon harshe, ya yi abokai, ya gane yadda mutanen gari ke tafiyar da al'amuransu. Wanda aka hana shi aiki, an hana shi waɗannan duka.

Yadda abin yake a wasu ƙasashen

A Italiya jiran kwana 60 ne. A Faransa da Sifaniya wata shida. A Jamus wata uku ne a ƙa'ida. Kanada na barin mutum ya nemi izinin aiki tare da buƙatar mafakarsa. Sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta rage iyakar jiran daga wata tara zuwa wata shida ga ƙasashen da ke ƙarƙashinta.

A Amurka mutum na iya cike takardar neman izinin aiki bayan kwana 150 da miƙa buƙatar mafaka, amma ba za a ba shi ba sai kwana 180 sun cika, kuma idan shi ya jawo jinkiri, misali ya nemi a ɗage zama, agogon tsayawa yake. A 2020 gwamnatin Donald Trump ta tsawaita jiran zuwa kwana 365, wata kotu ta soke hakan a 2022. A 2025 kuma wata sabuwar doka ta sa kuɗi dala 550 a kan takardar izinin farko, wadda a da kyauta ce. Wato dokar da wani ya ba ka labarinta bara, ba lalle ita ce ke aiki bana ba.

Inda maganar ta shafe mu

A 2023 da 2024 'yan Najeriya ne suka fi kowa yawa cikin masu neman mafaka a Ayalan. A watan Afrilun 2024 gwamnatin ƙasar ta ce duk ƙasar da ta fi yawan masu nema za a riƙa duba takardun 'yan ƙasar cikin gaggawa, kuma Najeriya ce ta fara faɗawa ciki. Ga inda gizo ke saƙar: izinin aiki na wanda ya yi wata shida ne ba a yanke masa hukuncin farko ba. Idan aka yanke cikin wata uku, aka ce ba a amince ba, to ba ka cancanci izinin ba, ko da ka ɗaukaka ƙara kana ci gaba da jira. Wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi da lissafin "bayan wata shida zan fara aiki" sai ya tarar lissafin ya rushe tun kafin a je ko'ina.

Ɗakin da ake cewa ana bayarwa ma ba tabbas ba ne. Daga Disambar 2023 gwamnatin Ayalan ta ce ba ta da wurin da za ta sa duk mazan da suka zo su kaɗai. Ɗaruruwa suka kafa tantuna a gefen titi kusa da ofishin karɓar buƙatun mafaka a Dublin, cikin sanyi da ruwan sama, har sai da hukuma ta tashe su a watan Mayun 2024.

'Yan uwanmu na Ghana su ma su sani: Jamus ta sa Ghana da Senegal cikin jerin ƙasashen da take ɗauka akwai zaman lafiya, kuma wanda ya fito daga irin waɗannan ƙasashe ba a ba shi izinin aiki muddin ana duba buƙatarsa. Birtaniya ma tana da irin wannan jeri, kuma Najeriya da Ghana suna ciki dangane da maza.

Akwai kuma abin da dillalan biza ba sa faɗa ko kaɗan. Ranar da ka nemi mafaka za a ɗauki hoton yatsunka, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma a sa shi a rumbun bayanai na bai-ɗaya, don haka ba za ka tsallaka wata ƙasar ka sake sabon labari ba. Za a karɓe fasfonka. Kuma tunda ka ce rayuwarka na cikin haɗari a gida, komawa gida ziyara na iya rushe buƙatar taka gaba ɗaya. Mahaifiya ta kwanta asibiti, ƙanwa ta yi aure, mahaifi ya rasu a yi jana'iza, kai sai dai ta waya.

Aikin ɓoye da abin da ke bayansa

Wani zai ce to ai ana aikin bayan fage. Ana yi. Wankin mota, wanke-wanke a gidajen abinci, aikin gini, ko hayar asusun wani a manhajar kai abinci ka riƙa yawo da keke. Amma wanda ba shi da takarda ba shi da bakin kai ƙara. Idan aka biya shi rabin albashi, ko aka hana shi gaba ɗaya, ko ya faɗo daga kan gini, wa zai gaya wa? A Birtaniya yin aiki ba izini laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari tun dokar 2016, kuma daga Fabrairun 2024 tarar mai ɗaukar irin wannan ma'aikaci ta kai fam 45,000 a kan kowane mutum ɗaya a karon farko, fam 60,000 idan ya maimaita. Mai shagon da ya yarda ya ɗauki wannan kasada ba don Allah ya yi ba, a jikinka zai fanshe.

Wannan ma na cikin hujjojin masu neman a sassauta. Haramcin bai hana aiki ba, ya dai tura shi inda hukuma ba ta gani, inda ba a biyan haraji, inda kuma mugaye ke cin karensu ba babbaka.

Abin da za mu riƙe

Akwai mutanen da da gaske gudun ceton rai suka yi, daga Sudan, daga Afganistan, daga Siriya, har da wasu daga yankunanmu da rikici ya ɗaiɗaita. Irin waɗannan, barin su su yi aiki yayin da suke jira shi ne adalci, kuma kamar yadda binciken Jamus ya nuna, ita ma ƙasar da ta karɓe su ta fi samun riba. Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mutumin Myanmar ɗin nan ba ƙarin kuɗin tallafi ya je kotu nema ba, cewa ya yi a bar shi ya ci guminsa.

Amma ga matashin da ke zaune a Kano, Zariya, Maraɗi ko Kumasi, wanda damuwarsa rashin aiki ce ba barazanar kisa ba, neman mafaka ba bizar aiki ba ce, kuma wanda ya ce maka ita ce, kuɗinka yake so. Idan fita kake son yi, akwai hanyoyin karatu, tallafin karatu da bizar ƙwararru. Suna da wahala, suna cin lokaci, amma fasfonka na hannunka kuma kana iya zuwa gida. Kafin ka ba kowa ko sisi, shiga shafin hukumar shige da ficen ƙasar da kanka ka karanta, ko ka samu wanda ya iya ya karanta maka, domin dokokin nan kusan kowace shekara sai an taɓa su.

Idan kuma kana da ɗan uwa ko aboki da ya riga ya shiga wannan layin, a rage masa matsin "yaushe za ka fara aike?" Hoton da ya ɗauka a gaban wani dogon gini ba albashi ba ne. Mai yiwuwa abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin motar zuwa masallacin Juma'a ba, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. A kira shi a gaisa, a tambayi lafiyarsa, a ƙarfafa masa gwiwa ya shiga ajin koyon harshe ko aikin sa-kai kafin takardarsa ta fito, kada zaman ya cinye shi.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, a gida ko a waje.